Illela da Teku: Tarihin Gaɓar da Ba Ta da Ruwa

Duk wanda Allah ya nufa ya kwana a Illela daren Lahadi, ya wayi gari ya bi sahun masu cin kasuwa tun rana ba ta yi zafi ba, in dai mai lura ne, ba zai kai azahar ba sai ya ga wani abin al'ajabi wanda yawan ganinsa ya sa muka daina mamakinsa. Zai ga shanu gudali da na Azawak, da raƙuman Adar, da tumaki uda da balami, an koro su daga arewa ƙurarsu ta turnuƙe kara. Zai ga albasa an jibge ta buhu bisa buhu, ga wake, ga gero, ga barkono. Sa'an nan idan ya juya ya shiga layin 'yan tireda da 'yan yadi, sai ya tarar da shinkafar da aka noma a Tailan ko Indiya, da atamfar da aka buga a Sin, da gwanjon da wani ya sa ya tuɓe a Turai, da babur da batir da tocila, waɗanda kusan babu ɗayansu da bai yi makonni a cikin kwantena bisa ruwan gishiri ba kafin ya iso rumfar mai shi. Alhali kuwa tsakanin wannan kasuwa da bakin teku akwai tafiyar mota da ta haura kilomita 1,000, kuma da yawa daga masu ciniki a wurin, mai saye da mai sayarwa da dillalin da ke tsakaninsu, babban ruwan da suka taɓa gani bai wuce tafkin Kalmalo ba, ko gulbin Rima idan ya kawo da damina.

Ruwa ba ya tsami banza. Da na girma na shiga bin littattafan tarihi da bakin dattawa, sai na fahimci cewa arzikin Ikko da Kwatano da Lome, da benayensu da masana'antunsu da hayaniyar tashoshinsu, yana da wata doguwar saiwa wadda ta ratsa kurmi da daji ta zo tana sha a rijiyoyinmu. Haka kuma duk abin da ya sami waɗannan tashoshi, na samu ko na rashi, ba ya kwana bakwai sai an ji shi a kuɗin mudu a Illela. Nufina a nan in bayyana yadda wannan igiya ta ƙullu, da waɗanda suka ƙulla ta, da rabon da kowane ɓangare ya samu, domin al'ummar da ba ta san ta inda abincinta ke shigowa ba, ba za ta san ƙofar da ya kamata ta tsare ba.

Zamanin da alƙiblar fatauci ke arewa

Larabawa suna kiran gaɓar teku sahil, da wannan suna ne kuma aka kira wannan ɗamarar ƙasa da muke zaune a kanta, domin a wurin matafiya Sahara teku ce ta rairayi, garuruwan da ke bakinta na kudu kuwa, irin su Agadas da Katsina da Kano da Alkalawa, su ne matsayar da ayari ke sauke kaya. Shekaru ɗaruruwa tijarar ƙasar Hausa arewa take fuskanta. Daga Tarabulus da Gadamas da Gat ake kawo takarda da alharini da murjani da turare da takubba da littattafai, Buzaye su kawo gishirin Bilma da dabino, mu kuma mu ba da turkuɗi da hatsi da gashin jimina da hauren giwa, da fatar jar akuyar Sakkwato, wadda majemanmu ke jemewa su rina, ta ƙetare hamada ta shiga kasuwannin Turai da sunan fatar Maroko, saboda ta tashoshin Magrib take fita, masu saye kuwa sunan tashar suka sani, ba su taɓa jin sunan majemi ba. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan misali na fata, domin tarihin nan gaba ɗayansa yana dunƙule a cikinsa: mai gaɓa shi ke da suna, shi ke kuma da kaso mafi tsoka.

Amma ko a wancan zamani teku ta riga ta shiga aljihun Bahaushe bai gan ta ba. Wurin nan da kakanninmu suka yi ciniki da shi, suka biya sadaki da haraji, wanda jam'insa ne kalmar kuɗi da muke faɗa har yau, ƙwanson wata 'yar halittar ruwa ne da ake tsamowa a tsibiran Maldib cikin tekun Indiya, jiragen Turawa su yi dakonsa su sauke a gaɓar Wida da Ikko da maƙwabtansu, daga can ya hauro ta ƙasar Yarabawa da Nufe. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ambata cewa a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, a farkon ƙarni na 18, wuri ya fara shigowa ƙasar Hausa. Da 'yan kasuwar Jamus suka shiga jigilar wani nau'in wuri mai araha daga gaɓar Zanzibar a tsakiyar ƙarni na 19, sai darajarsa ta yi ta zubewa, har ya zamana keso guda, wato wuri 20,000, kayan ɗan dako ne cur, abin da zai saya kuwa kullum raguwa yake yi. Tun a lokacin ke nan abin da aka ƙulla a bakin ruwa yake warware lissafin mutumin tudu.

Wajibi ne kuma a faɗi abin da aka bayar a madadin wannan wuri, ko da faɗinsa da ɗaci, domin tarihin da ya ɓoye aibin masu shi ya koma kirari. Mutane aka bayar. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da kansa, a cikin Infakul Maisuri, da ya zo bayanin ƙasar Yarabawa, ya ambaci matsayar jiragen Nasara da ke gefenta, ya bayyana cewa bayin da ake fitarwa daga ƙasashen nan ana sayar da su ga Yarabawa, su kuma su sayar wa masu jirage. Hausawa da yawa ta wannan ƙofa suka fara ganin teku, a ɗaure, aka sauke su a Bahiya ta ƙasar Barazil, inda suka yunƙura domin 'yancinsu a 1807 da 1814, kuma lokacin da Musulmin birnin Salbado suka yi babban borensu a 1835, layu da rubutun Larabci aka samu a jikin waɗanda suka faɗi. Allah ya jiƙan waɗannan 'yan'uwa namu da ba su da kabari a ƙasar iyayensu.

Sarkin Musulmi Bello da baƙon da ya zo daga Badagiri

A watan Maris na 1824 wani hafsan jiragen ruwan Ingila mai suna Hugh Clapperton, wanda mutanenmu suka sani da Abdullahi, ya iso Sakkwato bayan ya biyo ta Tarabulus da Barno da Kano, Waziri Giɗaɗo ya karɓi baƙuncinsa, ya kai shi gaban Sarkin Musulmi Bello. Wanda ya karanta labarin zamansu zai ga sarki malami, mai tambaya a kan mazhabobin Nasara da taurari da al'amuran duniya, wanda kuma ya hango cewa hanyar hamada, da tsawonta da tsadarta da yawan masu karɓar fito a kanta, ba za ta wadaci daula mai tasowa ba. Sun yi shawarar buɗe ciniki ta bakin teku, da hana fitar da bayi ta can, har Sarkin Musulmi ya sa aka zana wa baƙon taswirar ƙasa, ya ba shi wasiƙa zuwa ga Sarkin Ingila Joji na Huɗu, yana neman a aiko masa da wakili da likita. Sai dai garuruwan da aka ambata za a haɗu, Raka da Funda, a cikin ƙasa suke, nesa da gaɓa, saboda haka da jirgin Ingilishi ya zo neman manzannin Sakkwato a bakin teku bai sami kowa ba.

Clapperton ya dawo duk da haka, wannan karon ta kudu. Ya tashi daga Badagiri a watan Disamba na 1825, ya ratsa tsohuwar Oyo da Bargu, ya haye Kwara a kusa da Busa, ya bi ta Zariya da Kano, bai shiga Sakkwato ba sai Oktoba ta 1826, wata goma ke nan a hanya. Ya tarar zamani ya juya, ana yaƙi tsakanin Sakkwato da Barno, shi kuwa yana ɗauke da kyauta zuwa ga Shehu Laminu na Barno, kuma an riga an kai wa Sarkin Musulmi labarin yadda Ingilishi suka shiga Indiya da sunan ciniki suka ƙare da mulki. Maganar ba ta ƙullu ba, baƙon ya kwanta ciwo ya mutu a watan Afrilu na 1827, aka binne shi a bayan gari. Baransa Richard Lander ne, tare da ƙanensa, ya bi Kwara a cikin kwalekwale a 1830 har ya ga inda ta faɗa teku, daga nan kuwa ƙofa ta buɗe wa jiragen hayaƙi, sai kamfanoni, sai Kamfanin Neja da ya sami izinin mulki a 1886, sai kuma ranar 15 ga Maris 1903 da Ingilishi suka ci Sakkwato a filin Giginya. Bello ya nemi ƙofar teku wadda mabuɗinta zai kasance a hannunsa. Da ƙofar ta buɗe, a hannun wasu mabuɗin ya kasance, kuma tsoron da aka ji a 1826 ya tabbata bayan shekara 77.

Goro da dogo da Apapa

Kafin Turawa su ci ƙasar, fatakenmu sun riga sun fara shinshino inda iska ta dosa. Hanyar Gwanja, wadda Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari suka yi suna a kanta, ta Jega da Yawuri da Nikki da Jugu da Yandi har Salaga, tafiya ce ta watanni, da madugu da jagaba da jakuna ɗaruruwa, a kai kanwa da tufafi da fata a komo da goro a cikin huhu. Da Ingilishi suka ƙone Kumasi a 1874 ikon Asante a kan Salaga ya raunana, yaƙin basasa na 1892 ya ƙarasa watsa kasuwar, sai masu wayo daga cikin fatake suka gane cewa goron da za a ɗora wa jaki wata uku, ana iya saukar da shi Ankara ko Sekondi a sa shi a jirgin ruwa ya kwana kaɗan ya iso Ikko. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, yana cikin waɗanda suka yi fice a wannan sabuwar hanya, kuma da jarin da ya tara a goron teku ya shiga sayen gyaɗa a Kano, har ya zama attajirin da babu kamarsa a Afirka ta Yamma kafin rasuwarsa a 1955.

Ita kanta Ikko, wadda Ingilishi suka yi wa ruwan wuta a 1851 suka mallake a 1861, tana da wata illa babba: a bakin mashigarta akwai tudun yashi a ƙarƙashin ruwa wanda ke hana manyan jirage shiga, sai su tsaya a waje, ko su wuce Forkados a juye kaya cikin ƙananan jirage. A farkon ƙarni na 20 aka shiga gina ganuwar duwatsu cikin teku dama da hagu na mashigar, da dutsen da jirgin ƙasa ke ɗaukowa daga wajen Abekuta, ana kuma yashe ƙasan, har a watan Fabrairu na 1914 babban jirgin wasiƙu mai suna Akoko ya shiga tashar, wata guda bayan Gwamna Lugga ya haɗe Arewa da Kudu. Waɗannan al'amura biyu tagwaye ne, domin kuɗin fiton da ake karɓa a bakin ruwa, har da na kayan da Arewa ta noma ko za ta saya, a baitulmalin Kudu yake sauka, kuma dogon da aka fara shimfiɗawa daga Ikko a 1896, ya kai Badun a 1901, ya haɗu da na Kano a 1912, ya riga ya ɗinke ƙasashen biyu da ƙarfe tun ba a ɗinke su da takarda ba. A 1921 aka fara ginin matsayar manyan jirage a Apapa, aka gama kashin farko a 1926, reshen dogo kuma ya bi ta Funtuwa da Gusau ya tsaya a Ƙaurar Namoda a 1929, bai ƙaraso Sakkwato ba har yau.

Daga nan alƙibla ta juya gaba ɗaya. Ayarin Tarabulus ya mutu, gyaɗa da auduga da fatu da ƙiraga da kuza suka gangara kudu, gishirin Turai da kananzir da akoko da kwano suka hauro. Dalar gyaɗar Kano da muke alfahari da ita, asalinta gyaɗa ce mai jiran wagunu, domin noma ya fi ƙarfin dogo. A can bakin ruwa kuwa kowane buhu da ya sauka sai ya haifar da sana'a: ɗan dako da akawu da mai awo, da banki da inshora da sito, da makanikin jirgi, da mai sayar wa duk waɗannan abinci, sai masana'antar sabulu, sai ta fulawa, sai unguwannin ma'aikata. Ikko, garin da mutanensa ba su kai 80,000 ba a 1911, ya wuce 600,000 a ƙidayar 1963. Mutanenmu ma sun bi kayansu, suka kafa zango a Agege inda Yarabawa suka shiga dashen goro, da Sabo ta Badun wadda aka keɓe a 1916, da Shagamu da Obalande da Idi Araba, suka riƙe cinikin shanu da goro da amana irin ta mai gida da baƙonsa, wadda ba ta bukatar takarda.

Wani kawuna, Allah ya gafarta masa, ya yi koren shanu da ƙafa zuwa Kurmi a ƙuruciyarsa, kuma ba na manta daren da ya ba ni labarin ranar da ya fara ganin teku. Muna zaune a ƙofar gida bayan lisha, ya daɗe yana murza goro a hannu bai ɓare ba, sa'an nan ya ce, "Ɗana, ruwan bai ba ni tsoro kamar yadda anka ce ba. Abin da yat tsaya mini a rai, fatu nig gani an ɗaure dami-dami, ƙugiya na ɗaukar su sama tana sakawa cikin jirgi, jajaye, irin na akuyoyinmu. Nic ce, ga ta nan za ta ƙasar da ban sani ba, kuma wanda yak kiwata ta har abada ba ya jin nawa anka sai da ta can." Na ce, "Kawu, ai an biya shi." Ya dube ni ya ce, "An biya shi kuɗin fata. Kuɗin takalmin fa?"

Layin da ya raba Illela da Ƙonni

Abin da ya mai da Illela abin da take a yau shi ne iyaka. A yarjejeniyar 1898 Ingila da Faransa suka ɗora tsinin alƙalami a kan Sakkwato suka zana baka mai nisan mil 100, duk abin da ke ciki na Ingilishi. A shekarar da ta biyo rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine ta auka wa Birnin Ƙonni a watan Mayu na 1899, ta yi kisan da har yau ba a manta da shi ba. Da Faransawa suka ga rabonsu hamada ce marar rijiyoyi, ba su da hanyar da za su bi daga Kwara zuwa Damagaram, sai aka sake zama a 1904 da 1906 aka turo layin kudu, tsakanin 1906 da 1908 kuma wakilan ƙasashen biyu, Tilho da O'Shee, suka bi daji suna kafa turaku. Ƙonni ta faɗa hannun Faransa, Illela ta faɗa hannun Ingila, tafiyar da ba ta kai rabin sa'a a kan babur ba, harshe ɗaya, addini ɗaya, auratayya ɗaya, amma daga ranar kowace da kuɗinta da dokarta, kowace kuma da tekun da aka ɗaura mata.

Faransawa ba su so arzikin Nijar ya ci gaba da bin dogon Kano zuwa Apapa, saboda haka suka ja nasu dogon daga Kwatano ya kai Paraku a 1936, a shekarun 1950 suka tsara jigilar gyaɗar Nijar da motoci zuwa can, aka gama gadar Gaya da Malanbil a 1958, a 1959 aka kafa hukumar sufuri ta haɗin gwiwa tsakanin Dahome, wato Benin ta yau, da Nijar, a 1965 kuma Kwatano, wadda da can gadar ƙarfe ce kawai da aka miƙa cikin ruwa, ta sami tasha mai zurfi, Lome ta bi bayanta a 1968. Da aka fara haƙar yuraniyom a Arlit a 1971, ta Agadas da Tawa da Ƙonni motocinsa ke gangarowa su nufi Dosso da Gaya. Illela ta wayi gari a mahaɗar igiyoyi biyu, ɗaya daga Apapa ta Sakkwato, ɗaya daga Kwatano ta Ƙonni, kuma duk inda farashi biyu da kuɗi biyu suka haɗu, naira da sefa, to kasuwa ta kafu ko ba a kafa ta ba.

Zamanin fetur da zamanin fito

Arzikin man fetur ya zo da nasa darasin. A 1975 ɗaruruwan jirage maƙare da siminti suka yi cirko-cirko a bakin Ikko wata da watanni suna jiran layi, ana biyan su kuɗin jira, simintin yana daskarewa a cikinsu, alhali ga kamfanin siminti a Kalambaina yana aiki tun 1967. Wannan cunkoso ne ya sa aka gaggauta gina tashar Tin Can aka buɗe ta a 1977. Fari da cutar gyaɗa sun riga sun rushe dala, jiragen da a da ke tafiya da amfanin gonarmu suka koma zuwa cike su tafi wayam. Da kuɗi ya ja baya gwamnati ta shiga hana shigo da kaya, shinkafa a 1985, alkama a 1987, da yadi da gwanjo da tsofaffin motoci a lokuta dabam-dabam, sai Kwatano ta buɗe hannu: a sauke kaya da sunan Nijar, a hauro da su Gaya da Ƙonni da Maraɗi, dare ya yi su juyo kudu ta hanyoyin daji, man fetur mai rahusa kuma ya bi sawunsu zuwa arewa cikin jarkoki. Wani masani ɗan Benin, John Igué, ya siffanta ƙasarsu ta wancan lokaci da ƙasar sito, har kalmar Kwatano ta zama sunan mota a bakin Bahaushe.

Ba zan ɓoye ba, gidaje da yawa a wannan iyaka da fito aka gina su, marayu da yawa da shi aka ciyar. Amma atamfar da ta shigo ta bayan gida tana cikin abubuwan da suka rufe masaƙun Kaduna da Kano da Gusau, manomin auduga ya rasa mai saye, ɗansa ya bar gona ya hau babur yana fito. Mun ci daga abin, shi ma ya ci daga jikinmu.

Sa'an nan ga rufe iyaka, wadda ta zame mana kamar fari mai zuwa ba da sanarwa ba. An rufe daga Afrilu 1984 zuwa Maris 1986, ta haɗu da yunwar da mutanen Nijar suka laƙaba wa sunan El-Buhari, da sunan shugaban Nijeriya na lokacin. An rufe a Agusta 2019, da aka tashi buɗewa a Disamba 2020 kuwa ƙofofi huɗu aka fara da su, Seme da Mfum da Maigatari da Illela, abin da ke nuna matsayin garin nan a idon hukuma. An sake rufewa bayan juyin mulkin Yamai na 26 ga Yuli 2023, sai a Maris 2024 aka buɗe. A wancan karo na ga tireloli jere a bakin hanya iyakar ganin ido, direbobi sun ɗaura gidan sauro a ƙarƙashinsu suna dafa shayi, ƙarƙashin wata motar kuwa ruwa ne baƙi yake ɗiga, warinsa ya cika wurin. Na yi wa mai ita sallama, dattijo ne da furfura, na ce, "Alhaji, ya haƙuri?" Ya ce, "Malam, haƙuri ya zama dole. Wannan da kake gani yana zuba, noman mutum tara ne, kuma amana suka ba ni." Bai ƙara ko kalma ba, ni ma ban sami abin ƙarawa ba.

Hanyar da za ta koma Badagiri

A watan Oktoba na 2024, a nan Illela aka ƙaddamar da aikin babbar hanya mai tsawon kilomita 1,068, wadda aka tsara ta ratsa Sakkwato da Kabi da Neja da Kwara da Oyo da Ogun ta ƙare a Badagiri, garin da Abdullahi Bature ya taso daga cikinsa shekara 200 ba ɗaya kafin wannan rana. Tafiyar da ta ci masa wata goma, idan Allah ya sa aikin ya kammala, za ta koma ta yini guda. A can gaɓa kuma an buɗe tasha mai zurfi a Lekki a 2023, kusa da matatar man da Aliko Ɗangote, tattaɓa-kunnen Alhassan Ɗantata, ya gina. An buɗe tashoshin tsandauri a Kaduna da Kano da Funtuwa domin a riƙa sallamar kwantena a tudu. Ana kuma shimfiɗa dogo daga Kano zuwa Maraɗi. La shakka teku tana ƙara matsowa kusa da mu fiye da kowane zamani.

Sai dai hanya ba ta da ɓangare, yadda take kai kaya haka take kawo su, kuma tarihin da muka bi ya nuna cewa Ikko da Kwatano sun yi arziki ne saboda kaya suna tsayawa a wurinsu a auna, a adana, a sarrafa, a rubuta, a biya, kowane mataki da mai cin abinci a kansa. Garin da kaya ke ratsawa kawai, la'ada yake samu, la'ada kuwa takan ƙare ran da aka rufe ƙofa. Idan sa zai ci gaba da hawa tirela da ransa ya yi kwanaki yana ramewa a hanya, fata ta fita ɗanya, albasa ta ruɓe don rashin rumbun da zai riƙe ta zuwa lokacin tsada, to sabuwar hanya za ta gaggauta fitar da abin da muke da shi ne kawai. Abin da ya wajaba a kan shugabanninmu da attajiranmu da malamanmu shi ne su sa wani abu ya riƙa tsayawa a nan: mayanka mai ɗakin sanyi, da majema ta zamani a ƙasar jar akuya, da rumbunan albasa, da rage shingayen da ke tatsar direba a hanya, da makarantun da za su fitar da yaran da suka iya Faransanci da Ingilishi da lissafin fito da takardun jirgi, da kuma fiƙihun ciniki, domin su zauna a teburin da ake yanke farashi. Wajibi ne kuma hukumomin ƙasashen biyu su tuna cewa saɓanin fada bai kamata ya zama yunwar talaka ba, domin abin da ya ci Doma ba ya barin Awe, kuma Illela da Ƙonni ɗaki ɗaya ne da aka ja wa labule.

Sarkin Musulmi Bello ya nemi ƙofar teku da mabuɗi a hannunsa, ajali bai ba shi ba. Kawuna ya ga fatu a bakin teku ya tambayi kuɗin takalmi, ya koma ga Ubangijinsa ba a amsa masa ba. Yanzu ga hanyar an fara ta daga ƙofar gidanmu, tambayar tana nan inda ya bar ta, kuma jikokinsa ne za su amsa ta da abin da suka ɗora a kan motar farko da za ta nufi Badagiri. Allah ya ba mu shugabanni masu tadbiri, ya sa albarka a nomanmu da kiwonmu da cinikinmu, ya zaunar da ƙasashenmu biyu lafiya. Amin.